WAƘAR GADON AMARYA DA SHARHINTA: HUKUNCIN AIBI A KAYAN ƊAKI

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Godiya ta tabbata ga Allah wanda ya halatta ciniki, ya haramta cin dukiyar mutane da ɓarna. Tsira da aminci su tabbata ga Shugabanmu Annabi Muhammadu, da alayensa, da sahabbansa, da waɗanda suka bi su da kyautatawa har ranar sakamako.

Bayan haka, ya ku 'yan'uwa, sababin wannan waƙa wata husuma ce da aka kawo gabana a nan Maraɗi, tsakanin mutum biyu da suke tsayawa sahu ɗaya, suke zama zikiri ɗaya. Ɗaya dattijo ne wanda ya sayar da bijiminsa da geron rumbunsa domin ya yi wa 'yarsa kayan ɗaki. Ɗayan kafinta ne. Dattijo ya sayi gado da kabad da kujeru shida a kan jika 400 na sefa. Aka yi jere, aka kai amarya. Ba a cika mako uku ba sai amarya ta riƙa share wani gari mai laushi a ƙarƙashin gado kowace safiya. Rannan da dare ƙafar gado ta karye. Da aka duba sai ga ƙwaro ya cinye cikinta, an cike ramuka da garin katako da gam, an shafe da fenti. Dangin miji suka sami abin gori, uwar amarya kuwa kunya ta hana ta shiga mutane.

Dattijo ya tafi wurin kafinta. Kafinta ya nuna masa rubutun da ke ƙasan rasit, wai kayan da ya fita ba ya dawowa. Ya ƙara da cewa shi ya ji a bakin malamai ba a mayar da itace saboda ƙwaro. Daga nan suka daina gaisawa. Da na ga rabin mas'ala ya raba zumunci, sai na tsara waɗannan baitoci, na bi su da sharhi bisa mazhabar Imamu Malik, Allah ya yi masa rahama.

Na fara da sunan Allah, Sarkin gaskiya,
Shi ya halatta ciniki ga mutan duniya.

Tsira da aminci nasa su dawwama kullum
Bisa Al'aminu da ya nuna mana hanya.

FASALI NA FARKO: WAJIBCIN BAYYANA AIBI

Ya mai zarto, ya mai guduma, ka ji ni,
In ka san aibi, faɗe shi kafin a saya.

Kada ka ce "duba da kanka" ka juya kai,
Kai hannunsa wurin, ka ji tsoron ƙarya.

Fenti na rufe rami ga idon ɗan'adam,
Ba ya rufewa ga Masanin zuciya.

Sharhi: Ka sani, ya kai ɗan'uwa, Allah ya yi maka rahama, asalin wannan babi shi ne abin da Muslim ya ruwaito daga Abu Huraira, Allah ya yarda da shi. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya wuce wani mai sayar da tsibin abinci, ya cusa hannunsa ciki, ya ji danshi. Mutumin ya kawo uzuri da ruwan sama. Annabi ya zarge shi da rashin ɗora jiƙaƙƙen a sama inda mutane za su gani, ya kuma nisantar da mai ha'inci daga jama'arsa. Dubi fa, mutumin nan bai furta ƙarya ko ɗaya ba. Shiru ya yi, ya bar busasshe a sama. Fentin kafinta shi ne busasshen da ke sama.

Saboda haka Shehu Halilu ɗan Ishaƙa, malamin Masar, ya tabbatar a cikin Muhtasar cewa wanda ya san aibi wajibi ne ya bayyana shi, ya siffanta shi ko ya nuna shi, kada ya dunƙule magana. Wanda ya ce "kayan nan duk aibi ne, in ka so ka saya", bai fita ba, domin mai saye zai ɗauke ta raha ce ta kasuwa.

Akwai kuma ruɗi na aiki. Misalinsa a hadisi shi ne dabbar da aka bar nono ya taru a hantsarta domin a zaci mai yawan nono ce. Wanda ya saye ta yana da zaɓin mayarwa, ya haɗa da sa'i ɗaya a madadin abin da ya tatsa, kuma malamanmu suka ce sa'in daga abincin da ya rinjaya a gari ne, wato gero a wurinmu. 'Yan'uwan wannan ruɗi a rumfar kafinta suna da yawa: a rina farin katako ya yi ja a ce maɗaci ne, a lulluɓe allon garin katako da aka matse da gam, wanda ke kumbura da ya sha ruwa, a ce falanki ne, a cusa tsohon soso a cikin sabon yadi, a yi aiki da ɗanyen katako wanda zai tsage da zuwan hunturu. In an ce maka maɗaci ne ya zama ba shi ba, kana da mayarwa ko da kayan lafiya lau yake, domin siffar da aka sharɗanta ba ta samu ba.

FASALI NA BIYU: ZAƁIN MAI SAYE

Aibin da ake mayarwa sharaɗi ukku ne:
Tsoho ne, ɓoyayye, ya rage wa dukiya.

Mai saye na da zaɓi biyu, ba na ukku ba:
Ya riƙe da yarda, ko ya mayar a biya.

In wani aibi ya sake aukuwa a hannunsa,
Sai a ƙiyasta, kowa ya ɗau nasa kaya.

Sharhi: Wannan shi ne abin da malamai suke kira hiyarin aibi. Sharaɗi na farko, aibin ya kasance tun kayan yana hannun mai sayarwa. Na biyu, mai saye bai san shi ba lokacin ciniki. Wanda ya ga tsagewa a fuskar tebur ya yi shiru ya biya, ya yarda da ita ke nan. Na uku, ya zama abin da ke rage kuɗin kayan a wurin mutanen kasuwa.

In sharuɗɗan sun cika, kayan kuma yana nan yadda yake, to hukuncin da Ibnu Abi Zaidi na Ƙairawan, wanda ya rasu a shekara ta 386 Hijira, ya kawo a Risala shi ne: ko ya riƙe ba a ba shi kome, ko ya mayar ya karɓi kuɗinsa duka. Ba shi da ikon tilasta wa mai sayarwa ragi. Amma in sun yarda a tsakaninsu da ragi, ko gyara, ko musanya, wannan sulhu ne, ya halatta.

In kuwa wani sabon aibi ya auku a hannun mai saye, to kashi uku ne. Ƙarami, kamar ɗan ƙarcewar fenti, ba a kula shi. Matsakaici, kamar yaro ya fasa madubin kabad, sai a ba shi zaɓi: ya riƙe a biya shi kuɗin tsohon aibi, ko ya mayar ya biya kuɗin sabo. Babba, wanda ya fitar da kayan daga amfaninsa, kamar gobara ta ci shi, babu mayarwa, sai biyan tsohon aibi kawai. Wannan biya shi ake kira arashi.

Mas'ala: yaya ake fitar da arashi? A kira masana su yi wa kayan kuɗi sau biyu. Mu ƙaddara an sayi gado jika 160. Masana suka ce da lafiyarsa ya kai jika 120, da aibinsa jika 90. Abin da ya ragu rubu'i ne. To sai a cire rubu'i daga kuɗin ciniki, wato jika 40, ba jika 30 ba. Da yawa suna kuskure a nan.

Mas'ala: in an sayi kaya da yawa a ciniki ɗaya, aibi ya bayyana a sashe, sai a mayar da mai aibin da kasonsa na kuɗi, a riƙe saura. Amma in kasonsa ya wuce rabin kuɗin, ko ya zama ɗayan biyu da ba sa rabuwa, kamar ƙyauren ƙofa mai ɓari biyu, to a mayar duka ko a riƙe duka.

Mas'ala: kwanakin da aka yi ana kwanciya a gadon kafin a san aibi, babu kuɗin haya a kansu. Ƙa'idar ita ce amfani yana bin lamuni: da gadon ya ƙone a kwanakin nan, ai asarar mai saye ce.

FASALI NA UKU: MAS'ALAR ƘWARON ITACE

Ka ce Halilu ya hana mai da itace
Don ƙwaro, ka riƙe rabi ka yar da ɗaya.

Wancan gungume ne wanda ba a tsaga ba,
Ba wanda ya ga cikinsa, babu ƙarya.

Kai ko ka tsaga, ka feƙe, ka ga ramin,
Ka cike da gam: ina uzuri, ina kariya?

Sharhi: Nan ne zuciyar husumar, sai ka natsu. Abin da kafinta ya ji gaskiya ne yana cikin littafi. Halilu ya ambaci aibin da ba a iya saninsa sai an canja kayan, ya buga misali da ƙwaron da ke cikin itace, da ɓacin cikin 'ya'yan itace masu ƙwarya, da ɗacin kokwamba. Ya ce a irin wannan babu mayarwa, babu arashi. Amma tambayi dalili. Dalilin shi ne mai sayarwa da mai saye duk a duhu ɗaya suke, kowa ya shiga cinikin yana sane da cewa cikin gungume gaibi ne. Babu wanda ya cuci wani.

To yaya kafinta? Shi ne ya sa zarto ya tsaga, ya feƙe, ya huda, ya ga cikin katakon da idonsa. Canjin da littafi ya ce ba a sanin aibi sai da shi, a hannunsa ya auku. Duhun ya yaye masa, ya saura ga mai saye shi kaɗai. In ya ga ramuka ya cike su da gam ya shafe, ya zama mai tadlisi, wato mai ɓoye aibi da gangan, kuma wancan sauƙi ba nasa ba ne. Bayan haka, masu sharhi irin su Shehu Dardir, wanda ya rasu a shekara ta 1201 Hijira, sun bayyana cewa ko a gungumen ma, in an sharɗanta mayarwa sai a yi aiki da sharaɗi, kuma al'adar gari tana tsayawa matsayin sharaɗi.

In mai sayarwa ya ce aibin sabo ne, maganarsa ake kamawa, sai fa in masana sana'a sun shaida tsoho ne. Malamanmu sun karɓi maganar masani a nan ko da ba Musulmi ba ne, in ba a sami adali ba, domin labari ne na sana'a. Kuma masana suna da alama. Ƙwaron katako yana saka ƙwai a cikin itacen, tsutsarsa ta yi watanni tana ci daga ciki, ta fi son farin ɓangaren da ke kusa da ɓawo. Sai ta girma ta huda ta fito sannan ake ganin ƙananan ramuka da gari mai laushi. Garin da ya zubo cikin mako uku, ɓarnarsa ta girmi cinikin. Gara kuwa dabam take: daga ƙasa take hawa, tana gina hanyarta da laka. In ita ce ta hau gado a ɗakin amarya, aibi ne sabo, babu ruwan kafinta.

Shari'a ta tsananta wa mai tadlisi a wurare. In kayan ya lalace saboda aibin da ya ɓoye, zai mayar da kuɗi duka, ba a cire kome don karyewar. Kuɗin dakon mayar da kayan a kansa yake. La'adar dillali ma ba zai karɓe ta ba, matuƙar dillalin bai san aibin ba. Amma in mai sayarwa bai yi tadlisi ba, dillali yana mayar masa da la'ada in ciniki ya warware.

FASALI NA HUƊU: RUBUTUN ƘASAN RASIT

Rubutun "ba a dawowa" a ƙasan takarda
Ba ya tsare wa mai haƙƙi hanya.

In za ka kuɓuta, ambaci aibin da suna,
Nuna shi, rubuta, ku rabu da lafiya.

Sharhi: Malamai suna kiran wannan cinikin bara'a, wato mai sayarwa ya ce ba ruwansa da duk aibin da ya bayyana. A mashahurin mazhabarmu wannan barranta ta dunƙule ba ta amfani a kayayyaki irin su gado da kujera da tufafi. Aibin da mutum ya sani ya ɓoye kuwa, babu rubutun da zai wanke shi. Wanda yake sayar da tsofaffin kaya, hanyarsa mai sauƙi ce: ya ce "wannan ƙafa an taɓa ɗaure ta, wannan aljihun kabad ba ya rufuwa", ya nuna, a rubuta. Abin da aka ambata da suna ba a mayarwa dominsa.

Kai kuma mai saye, Shari'a ta ba ka wata garkuwa tun kafin ka biya, ita ce hiyarin sharaɗi: ku ƙulla ciniki a kan kana da zaɓi na wasu kwanaki domin ka duba ka yi shawara. Malamanmu sun ƙayyade wa gida kamar wata ɗaya, irin tufafi da sauran kaya kamar kwana 3. In mai sayarwa ya yi alkawarin garanti na wata shida ko shekara, sharaɗi ne ya ɗora wa kansa, cika shi ya zama dole. Ku rubuta irin katakon, da kuɗin, da ranar, da tsawon garantin. Ai ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka.

Dokokin hukuma ma ba su bar mai ɓoye aibi ba. Kundin dokar Faransa na 1804, wanda ƙasashe da yawa na rainonta suka gada, ya ɗora wa mai sayarwa lamunin ɓoyayyen aibi a sashe na 1641. Nijar ta yi dokar kare masu saye a 2015, Kamaru ta yi tata a 2011. A Gana dokar sayar da kaya ta 1962 ta sa sharaɗin kayan ya kuɓuta daga aibin da ba a bayyana wa mai saye ba. 'Yan'uwanmu da ke Ingila kuwa, dokar 2015 ta ba su kwana 30 su mayar da kaya mai aibi su karɓi kuɗinsu. Wanda aka ƙi ba shi haƙƙinsa bayan an nemi sulhu, babu laifi ya kai ƙara.

FASALI NA BIYAR: ABIN DA KE KAN MAI SAYE

Kai ma mai saye, ji naka, kar ka yi barci,
Ranar da ka gani, ranar ka yi tambaya.

In ka yi shiru, ka ci gaba da hawan gadon,
Shirunka yarda ne, ba komawa baya.

Kuma kar ka karya da kanka ka ce tsoho ne,
Wutar ha'inci ba ta zaɓen mai kaya.

Sharhi: Haƙƙin mayarwa yana faɗuwa da duk abin da ya nuna yarda. Wanda ya san aibi sannan ya ci gaba da amfanin da ke rage kayan, ko ya kai shi kasuwa yana neman mai saye, ya yarda ke nan. Wanda ya yi shiru kamar kwana ɗaya ba da uzuri ba, sai ya rantse bai yarda ba sannan ya mayar. In shirun ya yi tsawo, haƙƙinsa ya tafi. In mai sayarwa ya yi tafiya, ka kira mutum biyu ka shaida musu ka ga aibi ba ka yarda ba, ka ajiye kayan. Kunya ta cinye haƙƙin mutane da yawa a nan: sai mutum ya ce maƙwabcina ne, bari a kwana biyu, har wata ya wuce, sannan ya tafi da fushi alhali hujjarsa ta mutu. Faɗa da wuri cikin ladabi ya fi riƙo a zuciya.

Kuma ka ji tsoron Allah. Wanda 'ya'yansa suka yi tsalle a kujera ta karye, ko ya bar kabad a inda rufi ke yoyo, sannan ya ce haka ya saye shi, shi ma mai ha'inci ne. Suratul Muɗaffifina ta yi narko ga mai cika wa kansa mudu ya tauye na wani, kuma mudu yana hannun mai saye kamar yadda yake hannun mai sayarwa.

FASALI NA SHIDA: SULHU

Wuridi ba ya biyan bashin ɗan'uwanka,
Mayar masa yau, gobe babu dukiya.

Wanda ya karɓi kayan mai nadama,
Allah shi yafe masa ran tsayuwar wuya.

Sharhi: Istigfari yana kankare abin da ke tsakanin bawa da Ubangijinsa. Haƙƙin bawa kuwa sai an biya ko an yafe. Muslim ya ruwaito labarin matsiyacin wannan al'umma, wanda zai zo da salla da azumi da zakka, amma ya ci dukiyar wannan ya cuci wancan, a yi ta kwasar ladansa ana ba su har ya ƙare. Buhari da Muslim sun ruwaito daga Hakimu ɗan Hizamu cewa gaskiya da bayani su ke sa albarka a ciniki, ɓoyewa da ƙarya su ke shafe ta. Abu Dawuda kuma ya ruwaito falalar iƙala, wato ka yarda a warware ciniki don ɗan'uwanka ya yi nadama, ko da babu aibi. In wannan shi ne matsayin mai karɓar lafiyayyen kaya, ina hujjar mai ƙin karɓar mai aibi?

Ga yadda husumar ta ƙare. Na kira tsofaffin kafintoci biyu suka duba ƙafar gadon, suka ce ɓarnar ta daɗe, gam ɗin kuma hannu ne ya sa shi. Na ce wa kafinta: "Ɗana, littafin da ka kafa hujja da shi, shi ne ya kama ka." Ya sunkuyar da kai ya ce: "Allah gafarta Malam, na gani, na zaci gam zai riƙe." Aka ƙiyasta kason gado jika 160, bai kai rabin ciniki ba, don haka gadon kaɗai aka mayar. Ya biya, ya ɗauki dako a kansa. Ƙofar kabad ɗaya ta ɗan karkace, dattijo ya ce ya yafe wannan. Sannan ya mayar wa kafintan da kuɗin ya ce ya yi masa wani gadon da busasshen maɗaci, da sharaɗin zai ga katakon kafin a shafa fenti. Aka rubuta, aka yi fatiha, suka yi musafaha.

Ya Rabbi tsarkake cinmu da cinikinmu,
Ka raba mu da zamba, ka ba mu wadatar zuciya.

Tammat da hamdala, baiti ashirin cif,
Salati ga Ɗaha, cikamakin Anbiya.

Abin da ya dace a cikin wannan daga Allah ne, kuskure kuwa daga gare ni. Wanda mas'alarsa ta saɓa da waɗannan siffofi, ya kai ta gaban alƙali ko malamin garinsu, domin hukunci yana bin yadda abu ya auku. Allah ya ciyar da mu halal, ya shirya tsakaninmu, ya sa mu cika da imani. Allah ne mafi sani. Wassalamu alaikum wa rahmatullahi.